Shekara shida a jami'a, sai kuma asibitin kare da mage?

'Yar Samaru:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai ga ni da tawa. Na gama karatun likitan dabbobi a Zariya, saura wata huɗu in kammala bautar ƙasa. Tun da aka fara shiga da mu asibitin koyarwa na gane inda zuciyata ta karkata, wato karnuka da maguna. Burina in yi aiki a ƙarƙashin wani na ɗan lokaci, daga baya in buɗe nawa ɗan wurin a Kaduna. Da na faɗa a gida, kawuna ya ce shekara shida ana biya mini kuɗin makaranta don in ƙare a wanke wa kare gyambo? Maganar ta tsaya mini a rai. Mahaifiyata ba ta hana ba, amma ta tambaye ni yadda zan yi da tsarkin kayan sallata. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su gaya mini gaskiya: ana ci da shi? Kuma mutum yana iya yin sa da zuciya ɗaya?

Dakta Mai Kaji:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kawunki ya zafafa, amma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Kuɗin wannan sana'a a Arewa yana wajen kaji da shanu da ragunan layya. Gona ɗaya mai kajin ƙwai dubu biyar za ta riƙa kiran ki duk mako, ki tsara rigakafin cutar kaji ta Gumboro, ki duba abinci, ki buɗe mushe ki ga abin da ya kashe. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 masu gonaki suka daina wasa da likita. Asibitin kare fa? Hayar shago, firji, sola, teburin tiyata, duk daga aljihunki, sannan ki zauna jiran wanda zai shigo. Na gwada na shekara ɗaya a Kano na rufe.

Baba Dakta:
'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a karatun.

Ki fara da sanin cewa kawunki ɗan zamaninsa ne. Aikin likitan dabbobi a ƙasar nan don shanu aka kafa shi. Ɗakin binciken dabbobi na Vom, kusa da Jos, da aka buɗe a 1924, cutar shanu ta bushiya ce ta sa aka buɗe shi, cutar da ke share garke guda cikin 'yan makonni, wadda sai a 2011 aka bayyana an gama da ita a duniya. Tsangayar da kika fito a Zariya ma, da aka kafa ta a tsakiyar shekarun 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, makiyayi aka fi hange. To duk wanda ya tashi yana ganin malamin dabbobi a mashaya da sirinji yana bin garke, in kin ce masa mage, dole ya ga kamar wasa.

Ni ma'aikatar gwamnati na fara, na yi shekaruna a can, sannan na buɗe shago ɗaya da ɗaki a baya. Shekara biyun farko maganin kaji da abincin kare da nake sayarwa a gaba su suka riƙe hayar. Don haka Mai Kaji bai yi ƙarya ba. Abin da bai daɗe ya gani ba shi ne masu zuwa. Za ki zaci masu kuɗi ne kawai da karnukan Turawa. Suna zuwa, amma rabin waɗanda ke zama a bencina masu gadi ne, da mafarauta, da malaman makaranta, da yara riƙe da mage a kwali.

Bari in ba ki misali da abin da zai fi zuwa miki. Yaro ɗan shekara sha biyu ya shigo da kwikwiyo a cikin kwalin taliya, mahaifinsa yana biye. Tun kafin a buɗe kwalin na ji warin, wanda duk wanda ya taɓa jin sa ba ya mantawa: zawon jini na farbo, cutar hanji mai kama 'yan kwikwiyo. Kwikwiyon ya kwana uku ba ci, idanu sun faɗa, na ɗaga fatar wuyansa ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Uban ya saye shi da tsada, mai sayarwa ya ce an yi masa duk allurai, ba kati ba komai. A nan aikin yake, 'yata, a tsakanin ke da uban, tun ba ki taɓa sirinji ba. Babu maganin da ke kashe ƙwayar farbo. Ruwa ake ƙarawa, a tsayar da amai, a tare ƙwayoyin da ke bi ta raunin hanji, a jira jiki ya yi yaƙinsa. Kwana huɗu ko biyar ana ƙarin ruwa kuɗi ne. Na gaya masa adadin a tsaye, na gaya masa ko an kashe kuɗin yana iya mutuwa. Ya yi shiru, ya ce ba shi da rabin haka. Sai muka yi wata dabara: ya riƙa kawo shi safe da yamma a babur, in zuba masa ruwa a ƙarƙashin fata in yi allurai, su kula da shi a gida, su wanke tsakar gidan da ruwan bilic domin ƙwayar tana yin watanni a ƙasa. Ba shi ne mafi kyawun magani a littafi ba. Shi ne wanda mutumin zai iya. Kwikwiyon ya tashi a rana ta shida. Wani irinsa a makon da ya biyo baya bai tashi ba, kuma na yi masa fiye da haka.

Maman Hanifa:
Baba Dakta, Allah ya saka da alheri. Da irinku na samu da ban zo nan da ciwo a zuciya ba. Ni ba likita ba ce, mai mage ce. Bara magena ta kwana ba ta ci ba, jikinta da zafi. Na aika kemis, aka ce in ba ta rabin Panadol. Na ba ta da daddare, na ƙara da safe. Kafin azahar fuskarta ta kumbura, tana numfashi da baki a buɗe, dasashinta ya koma ruwan ƙasa kamar an shafa mata koko. Na ɗauke ta a zani na kai wani asibitin dabbobi. Wallahi ba wanda ya tambaye ni me na ba ta. Aka karɓe ta aka shige ciki, aka miƙo mini takardar biya, aka ce in dawo gobe. Da na dawo aka ce ta mutu, aka ba ni ita a buhu. Hanifa ta yi kwana biyu tana kuka. Sai bayan wata guda wata likita ta gaya mini maganin da na ba ta da hannuna shi ya kashe ta. Da an tambaye ni a ranar, ko ba ta rayu ba, da na san an yi abin da ya dace. Ke 'yar uwa mai son buɗe asibiti, don Allah ki riƙa yi wa mutane magana.

Anti Dakta ta Jos:
Maman Hanifa, Allah ya ba ku haƙuri, kuma kada ki ɗora wa kanki, shawara aka ba ki kika bi. Amma kowa a gidan nan ya ji: farasitamol, wato Panadol, guba ne ga mage, ko ɗan gutsure. Hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, sai ya ɓata jinin ya kasa ɗaukar iska, shi ya sa dasashi ke canza launi. Akwai makarinsa, kuma yana aiki in an zo da wuri, in kuma likita ya san abin da aka sha. To ta ina zai sani in bai tambaya ba?

Ƙanwata 'Yar Samaru, wannan shi ne darasin da ba a cika jaddadawa a aji ba. Mara lafiyarki ba ya magana. Duk tarihin ciwon yana bakin mai shi, mai shi kuma sau da yawa yana jin kunya ko tsoron faɗa. In kika ɗaure fuska kika ce wa ya ce ki ba ta, an gama, ba za ki sake jin gaskiya ba. Ni cewa nake yi, kafin ku zo me kuka ɗan taimaka mata da shi? Sai ki ji an fito da kwalba daga jaka.

Batun ko ana ci da shi: ana ci, amma a hankali. Kuma ke mace kina da wata ƙofa da maza ba su da ita. Maguna a cikin gida suke, a hannun mata, kuma gidaje da yawa namiji ba ya shiga. Wata ƙawata a Kano rabin aikinta zuwa gida ne, da jakarta da ɗan akwatin ƙanƙara, allurar rigakafi, maganin tsutsa, yanke farce, duba 'ya'yan da aka haifa. Daga nan ake kawo mata tiyatar cire mahaifa, domin mage tana ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin wata biyu da 'yan kwanaki ta haihu, kafin shekara gida ya cika.

Kayan salla kuwa, rigar aiki daban, takalmin aiki daban, safar hannu, in kin tashi ki canza. Haka nake ganin abokan aikina Musulmi suna yi.

Malam na Tudun Wada:
Bismillah. Tunda an taɓo tsarki bari in sa baki. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi sau bakwai, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don ƙazanta ba. Wasu mazhabobin sun tsananta fiye da haka, kuma wanda ya bi su bai yi laifi ba. Jini da fitsari da kashi su ne za ki kiyaye. Mage kuwa hadisi ya bayyana ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakaninmu. An yi hani ga ajiye kare haka kawai, an kuma togace na farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa sun haɗa da na gadi. Amma yi wa dabba magani wani babi ne. Mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa an gafarta masa, matar da ta kulle mage har ta mutu ta shiga wuta. Ki karanta wa kawunki waɗannan biyun cikin ladabi.

'Yar Samaru:
Na gode Malam, na gode Anti. Maman Hanifa, na rubuta maganarki a littafina.

Ɗan Sarkin Baka:
Ni ina da ƙorafi a kan likitocin, ku yi haƙuri. Mahaifina yana da karnukan farauta tara, kowanne da sunansa, ya san muryar kowanne a daji cikin dare. Wata rana gadu ya farke wa babbar karyarsa cinya, muka ɗauko ta a bayan mota zuwa birni. Yaron da ke karɓar mutane ya dube mu ya dubi karyar ya ce, wannan ai na gida ne. Aka bar mu a waje ana shiga da karnukan Turawa masu gashi. Tun daga ranar tsoho ya ce ba shi ba asibiti. Ƙazuwa ya shafa baƙin mai, kaska ya yi wanka da fiya-fiya, haka yake yi. Na san ba daidai ba ne, mun rasa biyu a haka, suna dalalar da yawu suna karkarwa. Amma wa ya kore shi?

Baba Dakta:
Mu muka kore shi, ɗana, ba sai an yi gardama ba. Ka gaishe mini da Sarki, ka ce ina ba shi haƙuri a madadin abokan aikina. Karen gida da na Turawa jini ɗaya ne a ƙarƙashin madubi, cutar kaska da ke fasa jinin wannan ita ke fasa na wancan. Kuma karen mafarauci ya fi na cikin katanga buƙatar allurar haukan kare, shi ke haɗuwa da namun daji. Ka roƙe shi ya bar fiya-fiya, ta fata take shiga. In an riga an yi kuma aka ga yawu da karkarwa, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa a garzayo, akwai allurar da ke karya shi.

'Yata, ga wani abu da za ki iya yi wanda ba ya buƙatar shago. Ki samu shugabannin mafarauta kafin lokacin fita, ki je da allurar haukan kare ta Vom a cikin ƙanƙara, ki yi wa karnuka talatin a zaune ɗaya a kuɗi kaɗan. Ribar ba yawa, amma ranar da aka farke wa wani cinya ke za a nema. Sai dai ki riƙe amanar sanyi. Allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 take zama. In wuta ta ɗauke firji ya huce, ruwa ne kawai kike tsira wa dabba, mai ita kuma ya tafi da kati yana ganin ya tsira. Na taɓa zubar da kwali guda saboda haka, na ji zafin kuɗin, amma na yi barci.

Dakta Mai Kaji:
Baba, ina girmama ka, amma akwai abin da ya kore ni ban faɗa ba. Bashi. Mutum ya kawo kare a mace-mace, ka yi aiki, ya warke, a ce gobe, goben ba ta zuwa. In kuma ya mutu, a ce me za a biya? Na biyu kuma, wanda ya fi damuna: tsohon kare da ciwon daji ya cinye, ko wanda mota ta karya wa baya. A kaji lissafi ne, ka cire marasa lafiya ka ceci garke. A nan kuwa mutum yana kallon idonka yana cewa Dakta yi wani abu. Ni na kasa yin allurar nan ta ƙarshe da ake kashe dabba da ita don a hutar da ita, na kuma kasa ci gaba da karɓar kuɗi a kan abin da na san ba ya warkewa.

Anti Dakta ta Jos:
Yaya Mai Kaji, wannan da ka faɗa shi ne nauyin aikin na gaske. Ni ina yin allurar, kuma ban taɓa sabawa da ita ba. Wani dattijo ya kawo mini karensa mai shekara sha uku, ƙodarsa ta daina aiki, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Na nuna masa sakamakon gwajin, na ce zan iya ƙara masa kwana uku ko huɗu da ƙarin ruwa, amma kwanakin wahala ne. Ya ce in ba shi dare ɗaya. Da safe ya dawo da tsohon bargon da karen ke kwanciya a kai, ya shimfiɗa a teburin da kansa, ya dafa kansa. Na fara ba shi ta barci, sai da numfashinsa ya daidaita sannan na yi ta biyun. Ban karɓi kuɗin ranar ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda ya kawo lafiyayyen kare ya ce a kashe don zai tashi daga gida. Wannan na ƙi, na nema masa wanda zai riƙe.

Ɗan Sarkin Baka:
Anti, ni fa wannan bai kwanta mini ba. Rai na Allah ne. A bar shi ya cika da kansa mana.

Malam na Tudun Wada:
Malamai sun saɓa a nan, kuma kowane ɓangare yana da hujja. A Malikiyya an halatta a gaggauta wa dabbar da ba a ci in an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Wasu malaman sun hana, sun ce a bar ta. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne haramcin azabtarwa, da umarnin kyautatawa ko a wajen kisa. Don haka wanda ya zaɓi a bari, wajibinsa ne ya nemi maganin rage zafi, ya ba da ruwa da inuwa, kada ya jefar a bola. Likita kuma kada ya ce an fid da rai sai ya tabbata.

Baba Dakta:
Malam ya gama magana. Ni ba na tilasta kowa. In mai dabba ya ce a bari, ina ba da maganin zafi in koya masa yadda zai juya ta kada ta yi gyambon kwanciya. Bashi kuma, Mai Kaji, kuɗin magani da ledar ruwa a biya kafin a fara, domin ni ma saye nake. Kuɗin hannuna shi nake iya yafewa, kuma ni nake zaɓar wanda zan yafe wa.

Abban Sadik:
Ku gafarce ni na katse ku. Jiya da yamma karen maƙwabcinmu ya ciji ɗana a ƙauri, ɗan shekara bakwai. Ciwon ba girma, mun sa masa gishiri da man zafi mun ɗaure. Maƙwabcin ya ce karen lafiyarsa lau, amma yaran unguwa sun ce za su kashe shi yau. Akwai abin da ya rage mu yi?

Anti Dakta ta Jos:
Akwai, kuma yanzu. Ku kwance ɗaurin, ku wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, ku duba agogo. Daga nan babban asibiti, ku ce cizon kare ne, kuna son allurar haukan kare ta mutane. Ba guda ɗaya ba ce, za a ba ku ranaku, kada ku tsallake ko ɗaya. Kada ku jira ku ga alama. Ciwon nan in ya bayyana ba a tashi, yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya duk shekara, kuma yara ne da yawa daga ciki.

Baba Dakta:
Kuma ka hana yaran nan kashe karen. A ɗaure shi a ba shi abinci da ruwa, a sa masa ido kwana 10. In ya ci gaba da lafiya, labari ne mai daɗi da za ka kai wa likitan yaron. In ya canza hali, ko ya daina ci, ko ya mutu, kada kowa ya taɓa shi da hannu, a kira likitan dabbobi na gwamnati a kai kan karen wurin gwaji. Ka tambayi maƙwabcin katin rigakafi, ka ga kwanan wata da idonka. Amma ko ya nuna, a fara kai yaron.

Abban Sadik:
Mun wanke, uwarsa tana sa masa riga. Na aika a gaya wa mai unguwa batun karen. Allah ya saka.

'Yar Samaru:
Allah ya ba Sadik lafiya, Abban Sadik ka dawo ka gaya mana yadda aka yi. Baba Dakta, in ba damuwa, ina so in riƙa zuwa wurinka ranar Asabar har in gama bautar ƙasa, ko riƙe dabba ne da wanke kayan aiki.

Baba Dakta:
Ki zo ƙarfe takwas. Ki taho da shaidar rajistarki ta hukumar likitocin dabbobi, da rigar aiki, da takalmi rufaffe. In ba a yi miki allurar kariya ta haukan kare ba, ki fara ta a makon nan kafin ki taɓa mini kare ko ɗaya. Asabar ɗin nan akwai maguna biyu da za a cire wa mahaifa, ke za ki karɓi masu su a ƙofa ki yi musu tambayoyin.